Ranar da Na Yi wa Keken Marigayi Kwalliya

Jama'ar da ke biye da ni, ku gyara zama. Kun saba ina kwaso muku na gidajen mutane: wadda ta yi yaji ta dawo da kanta, da wanda ya sayi firji alhali an yanke masa wuta. To yau reshe ne ya juye da mujiya. A gidanmu aka yi, kuma hannuna dumu-dumu a ciki. Gara in faɗa da bakina, don in na yi shiru maƙwabciyarmu ta bayan katanga za ta faɗa, ita kuwa ba ta san gishiri ya isa ba.

Ina da jika mace. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Takwara, ubanta kuwa, wato ɗana, "Uwata" yake ce mata. Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a wani kantin magani bayan babbar kasuwa. Yarinya son kowa ƙin wanda ya rasa, sai dai baki. In ta buɗe shi sai ka nemi wurin zama. Ni dai ban san inda ta gado ba.

Bara ta gaji da turmutsitsin bas, ta je ta sayo keke. Irin na yanzu mai araha, wanda ake kawowa cikin kwali kamar talabijin. Fari da shuɗi, da kwando a gaba, ba nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya take ɗaga shi ta tsallake dakali. Ya yi mata 'yan watanni lafiya lau, rannan sai sarƙa ta zame ta ƙi komawa. Ta tura shi shagon gyaran da ke kwanar layinmu, kuma a nan ta haɗu da wanda ni na raɗa wa suna Ɗan Tsatsa.

Bari in siffanta muku shi. Dogo ne siriri, da tabarau, da wata hula mai baki irin wadda aka daina yayi tun ina goyon fari. Kullum ƙafar wandonsa ta dama a maƙale take da maƙalin shanya, wai kar sarƙa ta ci. Ya yi karatu har da takarda, amma ya ce shi keke ne rayuwarsa. Suna da ƙungiya ma, shi da wasu samari da 'yan mata. Duk Asabar da la'asar sai su taru a filin da ke ƙarshen layinmu da tsofaffin kekuna, a shafa, a ɗauki hoto, sannan su zaga gari a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya. Yaran da aka haifa jiya, sun bi sun haukace a kan abin da muka zubar shekaranjiya.

Takwara ta ce da ya ga kekenta sai ya ɗaga shi da yatsa biyu ya taɓe baki.

"Wannan ai ba keke ba ne, gwangwanin madara ne aka sa wa taya."

"Gwangwanin ne ke kai ni aiki a minti ashirin. Ka gyara ko ka ba ni abina."

"Shekara biyu zai yi ki kai shi bola. Dubi wancan da ke rataye, ya girmi babana, ko tari bai taɓa yi ba."

"Wannan ne tsoho? Na kakana yana nan a ɗakin ajiya. In ya ga naka sai ya aike shi kanti."

Ta ce sai da sifana ta faɗi daga hannunsa.

Gaskiya ta faɗa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, raba wasiƙu ya yi shekara talatin, a kan wani baƙin keke mai nauyin bijimi. Tun da ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, keken na jingine a ɗakin da ke bayan kicin, tsakanin matacciyar fanka da akwatin da mabuɗinsa ya ɓace.

Asabar ɗin nan bayan azahar sai ga Ɗan Tsatsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ce a raina, wannan an yi masa tarbiyya. Aka buɗe ɗakin ajiya. Da ya yi ido huɗu da keken sai ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Na rantse muku, ko ranar da aka kai ni ɗakin marigayi bai yi mini irin wannan kallon ba.

"Kaka, ki ba ni izini in riƙa zuwa ina ɗan duba shi."

"Duba har ka gaji, angona. Ai ba gudu zai yi ba."

Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Duk Asabar yana nan, da buroshin haƙori, da tsumma, da wata 'yar kwalbar mai kamar ta turare. Ya shimfiɗa jarida ya zauna, ya kama waya ɗaya ta ƙafar baya ya yi ta gogawa har a kira la'asar. Takwara kuwa tun hantsi take shiri. Yau doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, gobe koriya mai tattara a hannu, ga ɗan kunne mai lilo, ga turaren da in ta wuce sai na yi atishawa uku. Ta ɗauko tire da shayi da biskit ta zauna a kan akwati. Ni kuma in sa kujerata a bakin kicin ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

Me nake ji? Gardama.

"Ka ga nawa, hawa nake in tafi. Naku sai an shafa musu mai, an lallashe su kamar tsoho mai ciwon gwiwa."

"Naku ai ba shi da labari. Dubu goma aka buga rana ɗaya, duk uwa ɗaya uba ɗaya."

"Labari zan hau in je aiki?"

Shayi ya huce, ƙuda ya faɗa, shi bai ko ɗago kai ba.

Soket ɗin ɗakina ne mai kyau, a nan Takwara ke sa wayarta caji. Ni ba leƙe nake ba, Allah ya sani. Amma in waya ta yi haske kusa da mutum, ido ai ba shi da ƙyaure. Ga abin da na gani, na karanta a hankali har sau biyu:

"Barka da safiya. Don Allah kar a bari ruwa ya taɓa shi."

"To. Ni ma na tashi lafiya, tun da ba ka tambaya ba."

"Yi haƙuri. Ya kike? Ki turo mini hoton fitilar ta gefe."

Sai ga hoto. Takwara ce ta sha kwalliya, jan mayafi, jan baki, ta jingina da keken tana murmushi irin na masu tallan sabulu. Hoton da ko dutse ya gani sai ya yi tsaki na sha'awa. Kun san abin da ya rubuto?

"Ya yi kyau sosai. Amma ki ɗan matsa hagu, kin tare fitilar."

Na ajiye wayar na yi salati.

Wata uku cur ana haka. Ran Laraba muna cin abincin rana sai ɗana ya ajiye cokali. Shi mutum ne mai haƙuri, amma in ya ajiye cokali kowa ya san an zo wurin.

"Uwata, yaron nan mai maƙalin shanya, wurin wa yake zuwa?"

Takwara ta sunkuyar da kai. Uwarta ta ce, "Nima abin da nake tambaya ke nan. Mutane sun fara yi mini barka, ban san ko ta suruki ba ce ko ta makanike."

"To ran Asabar zan zauna da shi," in ji ɗana. "In keke yake so, na ba shi kyauta, ya ɗauka ya tafi, kar in sake ganin ƙafarsa. In kuma mutum yake so, ya buɗe baki ya faɗa. Gidana ba gareji ba ne."

Washegari da Takwara ta dawo daga aiki ta shigo ɗakina, ko takalmi ba ta cire ba, ta faɗa kan gadona ta kifa fuska a filo. Yarinyar da ko allura aka yi mata tana ƙarama sai dai ta zagi mai allurar, yau ga ta tana kuka.

"Kaka, in aka ce ya zaɓa, wallahi keken zai ɗauka."

"To ke son sa kike?"

"Ni? Wannan mai kan kamar sirdi?" Ta ja hanci. "Eh."

Na shafa bayanta ina tunani. Ni a lissafina, yaron nan ba wani abu ke damunsa ba illa nawa. Wata uku yana aiki, keke na nan baƙi ƙirin, tsatsa na nan, sirdi duk ya tsattsage kamar ƙafar mai faso. Na ce lallai kunya yake ji, ya ɗauko aikin da ya fi ƙarfinsa, ba zai iya neman aure a gidan da bai gama musu aiki ba. In aka gama keken, idonsa zai sami sararin ganin mutum. Ku faɗa mini tsakani da Allah, ina laifin wannan tunani?

Ran Juma'a da safe kowa ya fita. Na ɗaura ɗamara na turo keken. Tayoyi ba iska, yana tafe yana kuka, ina tafe ina nishi, har bakin titi wurin mai fentin ƙofofi.

"Iya, wace kala?"

"Me kake da shi mai haske? Na gaji da baƙi."

"Akwai ragowar na wani shagon gyaran gashi. Ruwan hoda."

"Zuba."

Bawan Allah nan bai yi ha'inci ba. Ya bi da samfefa ya kankare tsatsar tas, sannan ya shafe ko'ina. Jiki, kariyar ɗaukar kaya ta baya, marfin sarƙa, har wani ɗan tambarin tagulla da ke goshin keken, da wasu siraran layuka masu ruwan zinariya da suka dusashe, duk ya rufe su ruf. Na sa ya cire tsohon sirdin, muka ɗora sabo mai soso, ja, da geza a gefe. Ƙararrawar da ta shaƙe muka sauya ta da hon na roba mai kukan agwagwa. Da na ga kan keken ya yi fayau, na ƙara furen roba guda biyu da na cire daga falo. Masu wucewa har tsayawa suke. Wata mata ta ce, "Iya, na jikarki ne? Shekararta nawa, shida?" Na ce hassada ce.

Na mayar da shi ɗakin ajiya na kulle, na jefa mabuɗi a lalitata. Da surukata ta ce tana jin warin fenti, na ce maƙwabta ne.

Asabar ta zo. Ɗana ya sa a fito da kujeru tsakar gida. Takwara ta fito cikin farar riga mai ɗigon baƙi, ba jan baki, ba turare, fuska kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ɗan Tsatsa ya yi sallama. Yau har da farin wando ya sa mai kari, da farar taguwa, ga jakar buroshinsa a kafaɗa.

Ɗana ya yi gyaran murya. Na ɗaga hannu.

"Kafin a fara, ina da albishir."

Na buɗe ɗakin ajiya, na turo shi tsakiyar rana, na matsa hon. Ƙwaaak!

Kowa ya zuba wa keken ido. Ko kazar maƙwabta sai da ta dakata.

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya tako a hankali, ya sa yatsa ya taɓa, yatsan ya fito da ruwan hoda, don bai gama bushewa ba. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, da farin wandonsa.

"Kaka... wa ya yi wannan?"

"Ni ce, angona. Ba sai ka gode ba. Na ga aikin ya sha maka kai."

"Tsatsar fa?"

"An kankare."

"Layukan zinariyar?"

"Suna ciki, ba inda suka je."

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Kaka, fentin nan na asali shi ne keken. Shi muke nema. Sabon fenti ai kowa na iya saye, amma shekara hamsin ba a sayar da ita a gwangwani. Duk ƙungiyarmu ba mai wanda ba a taɓa shafawa ba. Ko tsatsar ba cirewa nake ba, tsayar da ita kawai nake yi." Ya matsa ya nuna gefen kariya, dab da bayan sirdi. "Nan wurin akwai inda fenti ya goge, ƙarfe ya yi sumul yana sheƙi, daidai faɗin yatsu huɗu. Wani ya shekara da shekaru yana riƙe nan. Kullum in na zo sai na tsaya ina tunanin ko hannun wa ne."

Jama'a, ni na san mai hannun. Hannuna ne. Marigayi a baya yake ɗauko ni, asibiti, kasuwa, gidan iyayena. Kunya ba ta barina in riƙe ƙugunsa a gaban mutane, sai in damƙe wannan ƙarfen. Shekara talatin. Ban taɓa sanin na bar shaida ba, sai ranar da na biya aka shafe ta da fentin shagon gyaran gashi. Na ce wani abu ya faɗa mini a ido, na juya na fyace hanci.

Ɗana bai san dawan garin ba, shi dai maganarsa yake so ya sauke. "To samari, komai kalarsa, ga keke. In shi ya kawo ka, ɗauka ka tafi, na ba ka. In kuma da wata magana, ina saurare."

Ɗan Tsatsa ya miƙe yana karkaɗe wando. Ya buɗe baki ke nan Takwara ta daka tsalle.

"A'a, Baba! Wallahi ban yarda ba! Yanzu ko ya ce ni, ai don Kaka ta kashe wancan ne. Ni ba ragowa ba ce da za a ɗauka don an rasa na so."

Kun ji fa. Na ɓata keke, na kuma ɓata zaɓe.

"Ba haka ba ne," in ji shi.

"To yaya ne? Wata uku ina zuba turare kamar mai korar sauro, kai kana hira da ƙafar baya!"

"Aikin kwana biyu ne."

"Me?"

"Duba keken. Kwana biyu ya isa, har da hutu." Ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Na ga in na gama ba ni da dalilin dawowa. Shi ya sa nake bin wayoyin ɗaya-ɗaya. Da na kai ƙarshe sai na sake farowa. Wannan buroshin na bakwai ne."

Surukata ta toshe baki da mayafi. Ɗana ya ce, "Wato wata uku kana shan shayina a kan aikin kwana biyu?"

"Ai ba ya ma sha, Baba," in ji Takwara. Ta juyo kansa. "Da na turo maka hoto fa? Ki matsa hagu, kin tare fitila?"

"Sau biyar na rubuta wani abu ina gogewa. Daga ƙarshe sai na ga maganar fitilar ta fi sauƙi."

Na ga gefen bakinta ya motsa, amma jikata ce, ba ta sayuwa da araha. Ta naɗe hannu a ƙirji.

"Daɗin baki ne, kowa ya iya. Ƙarfe nawa yanzu?"

"La'asar ta kusa."

"Mutanenka sun taru a fili?"

"Sun... sun fara."

"To hau wannan. Yadda yake ɗin nan, da furensa da gezarsa. Ka je ka zaga su sau uku kana matsa hon. In ka dawo sai ka yi magana da Baba."

Ya dubi keken. Ya dubi wandonsa. Ku sani fa, wannan shi ne wanda ya taɓa korar wani daga ƙungiya don ya sa wa tsohon keke feda ta roba, Takwara ce ta ba ni labari.

"Bai bushe ba," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Za su ɗauki hoto. Har abada ba za su manta ba."

"Shi ma na sani."

Ya ja dogon numfashi. Ya buɗe jaka ya ciro famfo, ya durƙusa ya ba tayoyin iska, gaba da baya. Ya gyara maƙalin shanyarsa, ya daidaita hula, ya tura keken waje. Muka bi shi duuu har bakin ƙofa. Da ya ɗaga ƙafa ya haye, sandar tsakiya ta zana masa ruwan hoda tun daga gwiwa har sama, hagu da dama. Ya taka. Keken marigayi, bayan shekara goma sha tara, ya miƙe kan titi ko gezau, geza na kaɗawa, fure na rawa.

Ɗana ya matso kusa da kunnena. "Mama, ashe da gangan kika yi? Gwada shi kika yi ko?"

Na gyara zaman mayafina na ce, "Yaro man kaza." Ku kaɗai kuka san gaskiya, kuma in na ji ta a waje na san bakin da ta fito.

Daga inda muke ana hango filin. Sun kai su ashirin, kowa da baƙin kekensa ya jera kamar masu zaman makoki. Sai ga namu ya kutsa tsakiyarsu. Ƙwaaak! Wani ya saki kekensa ya faɗi. Wata ta durƙusa ta riƙe ciki. Wayoyi suka tashi sama kamar an ce a ɗaga hannu. Ihunsu har layinmu. Shi kuwa ya miƙe wuya, bai dubi kowa ba, ya zaga na ɗaya. Ƙwaaak! Ya shiga na biyu, hular ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba.

Hayaniya ta fito da mutanen layi. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu, ta kare ido da tafi tana hange.

"Ikon Allah! Wai wannan mahaukacin na wane gida ne?"

Takwara ta riga ta shiga ta fito da gwangwaninta, ƙafa ɗaya a kan feda. Ta juyo ta dubi matar, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Na gidan nan ne."

Ta taka ta bi bayansa.